Da'irar Alli a Bangon Malam Sule

Dakta Hauwa ce ta ce in rubuta muku wannan, tunda ranar Talata da ta tsayar da ni a gabanku na kasa magana. Kun gani da idonku. Na buɗe baki ke nan sai idona ya faɗa kan kwalin allin da ke gindin allo, na nemi kujera na zauna. Na ji abin da mai jar rigar nan ya raɗa wa na kusa da shi, wai, "Wannan ce za ta koya mana? Ai tambaya ce kawai, ka karanta ka ja layi." Ban ji haushi ba. Ku 'yan jami'a ne, ni sakandare na tsaya, a shekaru ma wasunku sun girme ni. Amma na riga ku shiga gidajen mutane da fom ɗin nan da za a ba ku, kuma akwai abin da ba ya cikin takardar koyarwa.

Sunana Damaris, a ƙasan unguwar Romi nake zaune da mahaifiyata. Na fara wannan aiki 'yan watanni bayan soja sun koma bariki an rantsar da farar hula. Dakta ta zo daga jami'a tana neman wanda ya iya Hausa da Turanci da ɗan buroka, wanda kuma ƙafa ba ta yi masa ciwo. Abin da take bincike, kamar yadda ta bayyana mana, shi ne: bayan an kaɗa ƙuri'a, wace unguwa ce ke samun taransifoma da kwalbati da rijiyar burtsatse, wace ce ake mantawa da ita, kuma me mutane suke tsammani daga kansilan da suka zaɓa. Ita za ta rubuta littafi. Mu kuma mu ne ƙafafunta da kunnuwanta.

Wanda ya koya mini aikin Baba Yohanna ne, shi ne mai duba aikinmu a wannan gefe na kogi. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, aka sallame su, kuma ya taɓa yin aikin ƙidaya. Ranar farko ya zazzage jakata a kan benci. Ya ɗauke biro ya ce, "Wannan na wasiƙar saurayi ne." Ya ba ni fensir uku, da reza, da abin gogewa, da katako mai maƙale takarda, da leda don ruwan sama, da ƙananan katuna masu lamba ɗaya zuwa goma, da kwalbar lemo wadda ba komai a ciki, da alli fari guda biyu. Ya kalli takalmina mai tsini ya ce, "'Yata, coci za ki ko aiki?" Washegari na zo da silifas.

Baba ya ce mini kwalbar ita ce farkon aiki. Za ki tsaya a inda Dakta ta ɗiga a taswira, bakin makaranta ko famfo ko mahaɗar hanya, ki juya kwalbar a ƙasa. Inda bakinta ya nuna nan za ki bi, ko da kwata ce a gabanki. Ki ƙirga gida huɗu a hannun dama, ki shiga na biyar. Na taɓa tsallake wani gida saboda kare, na shiga na shida. Baba ya bi sawuna ya ƙirga, ya dawo ya yaga fom ɗin a gabana. Ya ce, "In kina zaɓen gida da son ranki, ra'ayinki za ki kai wa Dakta, da ra'ayin marasa kare." In kin shiga gidan haya mai ɗakuna a jere, katunan nan za a ja a san ɗakin da ya faɗo. In kin yi wa namiji tambaya a wannan gida, na gaba mace za ki nema, ko maigida ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa matarsa ba ta san siyasa ba. Ki ba shi haƙuri, ki jira ta sauke tukunya.

Mace ta farko da na yi wa tambaya ni kaɗai wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa. Da ta ga takarda a hannuna sai ta tura jikarta ta kwashe kaji ta rufe, don ta ɗauka 'yan haraji ne. Na karanta mata bayanin da ke shafin farko, cewa ba daga gwamnati nake ba, sunanta ba zai hau takarda ɗaya da amsarta ba, kuma tana iya tsayar da ni duk inda ta so. Ta ce, "To in ba gwamnati ba ce ke, me za ki ba ni?" Na ce babu. Ta ce, "Kin fi su gaskiya, zauna." Da muka kai tambayar sau nawa ta ga kansilanta tun da aka zaɓe shi, ta ce, "Sau ɗaya, a hoton da ke jikin bangon can. Shi ma akuya ta cinye masa rabin fuska." Na fashe da dariya. Baba ya ji labari ya ce kada in ƙara. In kika yi dariya, ko kika gyaɗa kai, ko kika ce "haka ne," mai amsa zai fara neman abin da zai faranta miki, daga nan kuma ba nasa yake faɗa ba.

Mutane sun daɗe a ƙarƙashin soja, bakinsu bai saba ba. Wani in kika ce masa wa ya zaɓa, sai ya leƙa waje kafin ya amsa. Wani ya ce, "Ku ne 'yan farin kaya, an turo mu da mace don mu saki jiki." Akwai layin "ban sani ba" a ƙarƙashin kowace tambaya, amma ba a karanta shi, don in kika karanta rabin unguwa nan za su ɓuya. Ki yi shiru kawai ki jira. Shirun nan ya fi komai wuya a aikin, sai na yi wata biyu kafin na iya.

Wani da aka sallama daga masaƙa ya riƙe ni kusan awa ɗaya a kan tambaya guda, wadda ke cewa mulkin soja ya fi ko na farar hula. Amsa uku ce a fom. Shi kuwa ya ce, "Rubuta, soja ne suka kwantar da masaƙa, farar hula kuma sun zo gaisuwar mutuwa da buhun gishiri." Na ce masa dole in ja layi a ɗaya. Ya ce, "Ja a inda kika ga dama, sista, ni dai na faɗi tawa." Ban ja ba. Na rubuta maganarsa a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe, ina tsoron za a yi mini faɗa. Da Dakta ta gani ta ce gefen takardar nan ya fi mata tsakiyar amfani. Ku riƙa rubutawa a gefe.

Yanzu ga allin. In kin gama da gida, sai ki ja ɗan layi a jikin bango kusa da ƙofa, ki sa lambar fom. Baba ne ya kawo wannan al'ada daga aikin ƙidaya. Gidajen unguwanninmu ba su da lamba, shi kuma dole ya koma wasu daga ciki ya tabbatar mun shiga da gaske, don akwai masu zama a gindin mangwaro su cike fom goma da kansu. Da alamar yake gane ƙofa. Ba wanda ya ga aibu a ciki. 'Yan rigakafi suna yi, 'yan wutar lantarki suna yi, bangon kowa cike yake da zane.

Bayan mun gama zagaye na farko Dakta ta kawo wani fom dabam, mai launin rawaya. Ta ce kwalba ba ta cika kai mu gidajen waɗanda suke 'yan kaɗan a unguwarsu ba, ita kuwa tana son ta ji yadda suke yi: shin suna zaɓen abin da maƙwabta suka zaɓa don a zauna lafiya, kuma in bututunsu ya fashe, ta hannun wa suke kai kuka ga kansila. Saboda haka a Romi za mu nemi gidajen Musulmi, 'yan'uwanmu masu aiki a ƙetaren kogi kuma su nemi gidajen Kirista. Wannan karon ba kwalba. Tambaya ake yi, wannan ya nuna miki wancan. Aka ba ni saman Romi, na samu gida goma sha huɗu.

A sati na farko Baba ya rikice. Ya je duba wani gida da farin fom alhali na rawaya ne, ya dawo yana faɗa. Ni ce na ce, "Baba, me zai hana gidajen rawaya in riƙa yi musu da'ira, na fari kuma layi?" Ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Kai, yarinyar nan tana da kai." Ranar Asabar da aka haɗa mu da 'yan ƙetare, ya tashe ni tsaye ya sa aka tafa mini, ya ce kowa ya koma yin da'ira. Na koma gida na ba Mama labari har sau biyu.

Gida na tara shi ne na Malam Sule tela. Shagonsa a zaure yake, keke biyu, ɗaya nasa ɗaya na ƙaninsa Garba. Ya fi shekara ashirin a layin, shi ke ɗinka wa matan zumunta na cocinmu anko. Ina yi masa tambaya yana taka keke, in tambaya ta yi masa daɗi sai ya ɗaga ƙafa. Yana kirana 'yar jami'a, na ce masa ban je ba, ya ce, "Ai kin ɗauko jakarsu." Da na zo tambaya ta talatin da biyu, wadda ke cewa yaya yardarka da maƙwabtanka take, sosai ko kaɗan ko babu, sai ya nuna katangar da ke tsakaninsa da gidan Mama Tabita ya ce, "Kin ga ƙofar kwanon can? Mu muka huda ta, don matata ta gaji da zagayawa aron turmi. Sa sosai." Garba ya ce daga nasa keken, "Yaya, in an tambaye ka bashin anko fa?" Malam Sule ya jefe shi da ƙyalle.

Da na fito na zana da'irata, ya biyo ni ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce wani dattijo zai zo ya duba ko na shigo da gaske, in bai ga alamar ba zai ce ƙarya na yi, a yaga takardar. Ya ce, "A'a, ba za a yaga takardar 'yar jami'a a kaina ba." Muka yi sallama.

Baba bai kai ga duba layin Malam Sule ba gari ya rikice. Kun san shekarar, ba sai na faɗa ba, wasunku a nan kuke. Da safe muka fara ganin hayaƙi ta wajen gada, kafin hantsi mata suna ta dawowa daga kasuwa a guje ba kaya. Mama ta kulle ƙofa ta ce ba mai fita. Na rasa abin yi, na zauna ina feƙe fensir kamar gobe akwai aiki. Ta taga na ji wata maƙwabciya tana cewa samarin da ke tahowa ba 'yan unguwa ba ne, daga nesa suke, gida-gida suke tambaya ina Hausawa suke. Wata ta ce, "Ai ba su san kowa ba, wa zai nuna musu?" Hannuna yana cikin jaka ina neman reza, sai ya taɓa alli.

Na ɗauki bokiti da soso na ce wa Mama ruwa zan ɗebo. Ta ce, "Damaris, randa a cike take." Na zare sakata na fita, ina jin ta tana kirana.

Tun a gida na farko na ga matsalar da ban yi tunani ba. Alli yana fita da ruwa, amma bangon da ya shekara ba a wanke ba, in kika goge wuri ɗaya sai ya bar tabo mai tsabta, jiƙaƙƙe, wanda ya fi da'irar fitowa. Na ɗebi ƙasa na shafa a kai. Haka na riƙa yi, in goge, in shafa ƙasa, in wuce. Wasu gidajen a buɗe suke ba kowa, takalma a watse a tsakar gida. Wasu a kulle, ina jin numfashin mutane a bayan ƙofa, in na fara goge bango sai yaro ya fara kuka a toshe masa baki. Ban yi wa kowa magana ba. Me zan ce? Na yi takwas.

A na tara na tsaya. Da'irar da ke bangon Malam Sule ba tawa ba ce. Tawa fara ce, ba ta fi tafin hannu ba. Wannan shuɗiya ce, ta kai faifai girma, an bi ta sau biyu ko uku har ta yi kauri, ga lambata a tsakiya an sake rubuta ta da kyau. Na sa soso, ruwa ya zame a kanta kamar a kan man kaɗanya. Na goga da ƙarfi, shuɗin ya bazu. Na sa farce. Ƙofar zauren a rufe take, ba motsi.

Ina cikin kankara samarin suka shigo layin. Ban ƙirga su ba, ni da aikina ƙirga ne. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Wani mai tawul a wuya ya matso ya ce, "Sista, me kike wankewa?"

Na ce, "Na 'yan rigakafi ne."

Ya kalli bangon, ya juya ya kalli layin daga sama har ƙasa. Ya ce, "Rigakafi. Gida ɗaya ne ke da yara a duk layin nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ya sunanki?"

Na faɗa. Ya ce in karanta Addu'ar Ubangiji. Na karanta, na tsallake layi ɗaya, bai lura ba. Ya ce, "Tafi gida, yau ba ranar wanki ba ce." Na tafi. Ban ɗauki bokitin ba. Da na kai kwana na waiwaya, ba wanda ya bi ni da ido, duk bangon suke kallo. Sauran gida biyar ɗin ban je ba.

Da aka sassauta dokar hana fita na bi ta layin. Zauren Malam Sule ba rufi, ƙafafun keke biyu suna tsaye baƙi ƙirin, bokitina yana gefe ya narke ya manne da ƙasa. Cikin biyar ɗin da ban kai ba an ƙona biyu, cikin takwas ɗin da na goge an ƙona uku. Na yi wannan lissafi ya fi sau ɗari, bai gaya mini komai ba. Gidan Mama Tabita a kulle yake, an ce ta koma ƙauye. Ba wanda ya san inda tela yake, ko kuma ba wanda ya so ya faɗa.

Na gaya wa Baba a ƙofar gidansa. Ya ce, "A ƙetare ma da'irar suke yi." Ban taɓa tambayar 'yan ƙetare abin da ya faru da nasu gidajen ba, su ma ba su tambaye ni ba. Da Dakta ta samu hanyar zuwa, na faɗa mata a tsaye. Ta fiddo takardar ƙa'idojin da jami'a ta sa mata hannu, shafi shida, duk a kan yadda za a ɓoye suna da yadda za a kulle fom a akwati. Ta karanta har ƙarshe a gabanmu, ta ce, "Ba inda aka ce komai a kan bango. Ni ya kamata in gani." Ta dakatar da aikin. Baba bai ƙara karɓar aikin duba ba, yanzu gadi yake yi a wata makaranta a Rido.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shuɗin. Wani ya ga da'irata, ya gane ma'anarta, ya zo ya ƙara mata girma da abin da ruwa ba ya wankewa. Kuma ɗan unguwa ne, tunda baƙo ba zai sani ba. Shekara biyu ina kallon hannun mutane a coci, a kasuwa, a layin famfo. Na daina zuwa zumunta. In na ga alama a bangon kowa, ko ta 'yan wuta ce, sai na tsallaka titi.

Bana Dakta ta dawo ta ce za a yi zagaye na biyu, wanda aka ɗauke ku dominsa. Tana son a koma wa mutanen da aka tambaya a da, a sake yi musu tambayoyin nan, a ga abin da ya canja. Akwai sabon shafi a gaba, za ku gan shi, mai akwati huɗu: an same shi, ya ƙaura, ya ƙi, ya rasu. Ta ce ba dole ne in koma gidajen fom ɗin rawaya ba. Na ce ni zan yi, don in wani ya ja layi a lamba tara ba tare da ya nema da gaske ba, ba zan taɓa sani ba.

Neman wanda ya ƙaura aiki ne dabam. Ba a tambayar maƙwabta kai tsaye, sai su rufe baki. Sana'arsa ake bi. Na je wajen masu sayar da zare da maɓalli a babbar kasuwar wannan gefe, rumfa-rumfa, ina tambayar telan da ke zaune a Romi a da, mai ɗinkin anko. Kwana huɗu ana ce mini Sule tela ai sun fi ɗari. A na biyar wani mai gyaran keken ɗinki ya kalle ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Me za ki yi masa?" Na nuna masa fom. Ya ce in duba Unguwar Mu'azu, bayan wani injin niƙa. Rabona da haye gada tun kafin rikicin. Dakta ta ba ni mayafinta ta ce za ta raka ni, ta tsaya a mota.

Na same shi a wata 'yar rumfar kwano, keke ɗaya, na haya. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Na yi sallama na tsaya. Ya ɗaga ƙafa daga keken ya ce, "'Yar jami'a! Har yanzu jakar nan ce?" Ya share mini benci da hannun rigarsa.

Ya ce ranar, ta ƙofar kwanon katangar nan suka fita, shi da matarsa da yara huɗu. Mama Tabita ta sa su a ɗakin da take ajiye dawa, kwana biyu, har soja suka zo da mota. Na ce Garba fa? Ya gyara zaren da ba abin da ya same shi. Ya ce Garba ya koma ya ciro kan keke, wai ko ba komai a samu abin fara sana'a. Ya ce, "Allah ya yi kwanansa ya ƙare. Ɗauko takardarki mu yi, na ga kin sha hanya."

Na karanta shafin farko kamar yadda aka koya mini, muka fara. Bai yi zaɓe ba tun da ya dawo nan, katinsa na Romi ne, ya ƙone. Kansilan nan bai san shi ba, na can ma bai aiko ba. A ta talatin da biyu na karanta: sosai, kaɗan, ko babu. Ya ce, "Waɗanne maƙwabtan? Wadda ta rufe ni da buhun dawa, ko waɗanda suka tsaya a ƙofarsu suna kallo?" Na yi shiru na jira, kamar yadda ake yi. Shi ma ya jira. Na rubuta maganarsa a gefe, ban ja layi ba.

Da muka gama na rufe katako, amma ban tashi ba. Na ce, "Malam, akwai tambayar da ba ta cikin fom." Na gaya masa duka, da'irar da abin da take nufi, da bokitin, da mai tawul. Na ce wani ya bi alamata da shuɗi don a gane gidan, kuma ban san ko wane ne ba.

Ya kalle ni. Ya ja aljihun keken ya fiddo wani guntun alli mai faɗi, irin wanda teloli ke zana yadi da shi, shuɗi, ya ajiye a kan bencin tsakaninmu.

Ya ce, "Ni ne. Yara sun goge taki da ƙwallo. Na ce dattijon nan zai zo bai gani ba, a yaga miki takarda. Na sa Garba ya riƙe mini faifai na zagaya don ta fita daidai. Kullum da safe sai na duba ko tana nan."

Injin niƙan yana ta ƙara. Na ce, "To ita ce ta nuna musu?"

Ya ce, "'Yata, waɗanda suka zo ba su san ni ba. Wani abu ya nuna musu, ko mutum, ko bango, ko ke da sosonki. Na yi shekara ina juya shi, na ga ba zai dawo da Garba ba, na bari. Ke ma ki bari in za ki iya." Ya mayar da allin cikin aljihu ya rufe. "Dattijon dai bai zo ba. An karɓi takardar kuwa?"

Na ce an karɓa.

Ya ce, "To madalla."

Na ja layi a akwati na farko, an same shi. Ya rako ni bakin rumfa. Ina fita hannuna ya tafi aljihun jaka da kansa, inda alli yake zama a da. Ya gani. Ya dafa kwanon rumfar ya ce, "Bar wannan haka."

Ban iya bari ba tukuna, shi ya sa kuka ga abin da kuka gani ranar Talata. Sauran aikin za ku koya a hanya, kwalba da katuna da shirun, Dakta ma ta fi ni iya bayaninsu. Nawa guda ɗaya ne. Duk abin da zai bambanta gidan mai amsa da na maƙwabcinsa, kada ku bar shi a bayanku, ko zane ne, ko tsayuwar mota a ƙofa, ko launin takardar da kuka riƙe a fili. Shi ya sa fom ɗin bana duk fari ne. In mai duba aiki yana son ya tabbatar kun shiga, ya zo ya shiga tare da ku. Kwalin allin nan na rubutu a allo ne. Na ƙirga su ranar Talata kafin in tafi, goma sha ɗaya ne, kuma zan sake ƙirgawa ranar da za ku fita.